Filin Mata: Ɗanyen Kifin Japanawa Da Karfasar Tiga

A wannan mako za mu yi magana ne a kan kifi, kuma abin da ya jawo maganar a cikin gidana ya faru.

A hutun da ya wuce ƙanwata, wadda take aji biyar a sakandare, ta zo mana hutu. Ran nan maigida ya dawo daga Tiga da karfasa guda shida, manya, ko motsi ba su gama dainawa ba. Na bar mata aikin gyarawa, ni kuwa na shiga ɗaki sallar la'asar. Da na fito sai na tarar ta fere naman guda ɗaya ta raba shi da ƙaya, ta yayyanka shi fale-fale, ta jera a faranti gwanin sha'awa, ta matsa lemon tsami, ta yanka ɗanyar citta a gefe. Yarana biyu kuwa sun tsugunna a gabanta suna jiran rabo.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Yaya, sashimi ne, abincin Japanawa. A waya na gani. Haka ake cin sa, ba a ɗora shi a wuta."

Surukata da ke zaune a kan tabarma tana gyaran zogale ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, kyanwa ce ke? Ko itace ne ya ƙare a gidan?"

Yarinya ba ta rasa hujja ba. Ta ce ai ta ji an ce kifin kiwo ba shi da tsutsa, dam ɗin Tiga kuma mutane ne suka gina shi, saboda haka kifinsa kamar na kiwo ne. Ta ƙara da cewa lemon tsami ya riga ya dafa naman, tunda ga shi ya yi fari. Na ɗauke farantin na juye a kaskon suya, muka ci da yaji. Amma na yi mata alkawari zan bincika in ba ta amsar da ta fi "ba a yi", domin yarinyar da ta kawo hujja, hujja ake mayar mata. Abin da na samu shi ne na kawo muku yau, don na tabbata ba ita kaɗai ce ta ga wannan hoto a waya ba.

Mene ne sushi, mene ne sashimi?

Mutane da yawa suna haɗa su, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Sashimi shi ne ɗanyen naman kifi zalla, a yanka shi siri-siri da wuƙa mai kaifi, a ci da baƙin romon waken soya da wani koren yaji mai hawa hanci da suke kira wasabi. Sushi kuwa sunansa yana komawa ne ga shinkafa, watau dafaffiyar shinkafa da aka cuɗa da ruwan khal da sukari da gishiri. Ana iya ɗora mata ɗanyen kifi, ana kuma iya ɗora mata dafaffen kifi, ko wainar ƙwai, ko kokwamba. Wani lokaci a dunƙula ta da hannu a ɗora kifin a sama, wani lokaci a naɗe ta a cikin busasshen ganyen teku mai kama da baƙar takarda, wanda suke kira nori, a yanka gunduwa-gunduwa. A gefe suna ajiye citta da aka jiƙa a ruwan tsami, sunanta kuwa a bakinsu "gari", amma ba irin namu na kwaki ba.

Asalin abin dabara ce ta adana kifi, kamar yadda mu muke yin banda. Mutanen dā sukan cusa kifi da gishiri da dafaffiyar shinkafa a cikin tukunya su rufe har watanni, shinkafar ta yi tsami ta hana kifin ruɓewa. Har yanzu ana yin irin wannan a bakin tafkin Biwa na ƙasar Japan. Irin wanda ake gani a waya kuwa ya fito ne a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, wajen shekarun 1820, kuma wani mai sayar da abinci, Hanaya Yohei, shi ne aka fi dangantawa da shi. A zamaninsa babu firji, don haka yawancin kifin sai an jiƙa shi a gishiri da ruwan tsami, ko a romon soya, ko ma a ɗan dafa shi.

Su ma suna tsoron tsutsa

Kada a ɗauka cikin Japanawa na ƙarfe ne. Kifin teku da ke yawo abinsa yakan ɗauki wata farar tsutsa siririya kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, likitoci suna kiran ta Anisakis. Manyanta suna zaune ne a cikin tumbin manyan dabbobin teku masu shayarwa. Ƙwayayenta su fito da kashinsu, ƙananan jatan lande su ci, kifi ya ci jatan lande, mutum kuma ya ci kifi. In ta shiga da ranta sai ta nemi huda bangon ciki, cikin 'yan sa'o'i mutum ya kama murɗawar ciki mai tsanani da amai, har sai likita ya zura masa na'ura ta maƙogwaro ya ciro ta. A ƙasar Holan aka fara bayanin cutar a 1960, a wurin masu cin ɗanyen kifi. A Japan ɗin kanta, a 2018 wannan tsutsa ce ta fi yawa a cikin rahotannin gubar abinci da aka kai wa hukuma. Ma'aikatar lafiyarsu kuma tana faɗa wa jama'a a fili cewa ruwan tsami da gishiri da wasabi da romon soya ba sa kashe ta. Wuta ce ke kashe ta, ko kuwa sanyi mai tsanani.

To, a nan hujjar ƙanwata ta biyu ta faɗi. Lemon tsami yana sauya launin nama ne kurum ya yi fari, amma abin da ke ciki yana nan da ransa.

Kiwon kifi a cikin teku

Sai maganar kifin kiwo, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya a zancenta. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan kifin samon a cikin wani babban keji na raga da ke shawagi a teku, a tsibirin Hitra na ƙasar Norwe. Daga nan sana'ar ta bunƙasa. Ana ƙyanƙyashe kifin a gidan ƙyanƙyasa, a kai shi keji a ruwan gishiri mai sanyi, kuma tun yana ƙarami har a kama shi ba ya rayuwa a kan komai sai busasshen abinci na ƙwaya-ƙwaya da aka sarrafa da zafi a masana'anta. Tunda ba farautar ƙananan kifaye yake yi ba, hanyar da tsutsa za ta bi ta shige shi ta kusa toshewa ɗungum.

A dā yawancin Japanawa ba sa cin ɗanyen samon, domin nasu na daji yana da tsutsa, sai sun gasa. A 1986 gwamnatin Norwe ta soma wani shiri na tallata kifinta a Japan, aka yi shekaru ana lallashi, sai a shekarun 1990 mutane suka karɓa. Yau jan naman nan mai ratsin fari da kuke gani a waya, yawancinsa samon ɗin kiwo ne. Su ma Japanawa suna kiwon nasu kifayen a kejin teku, har jami'ar Kindai ta yi nasarar kiwon babban kifin tuna daga ƙwai zuwa ƙwai a 2002, bayan ƙoƙarin fiye da shekara 30.

Duk da haka ba a sakin abin kara zube. Da an fid da kifin daga ruwa ake kashe shi nan take, a tsiyaye jininsa, a cire kayan ciki, a binne shi a ƙanƙara, kuma ba zai rabu da sanyi ba har ya iso kan katakon mai yanka. Dokar Tarayyar Turai ta ce kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har awa 24, ko digiri 35 ƙasa da sifiri har awa 15. A 2011 ne aka sassauta wa kifin kiwo, bisa sharaɗin an tabbatar ba a ba shi abincin da ke ɗauke da tsutsa mai rai ba, kuma wurin kiwon ya cika ƙa'ida. A Amurka kuwa kwana 7 suka ce a digiri 20 ƙasa da sifiri. Sa'an nan hukumomin lafiyarsu suna gargaɗin mata masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su guji ɗanyen kifi ko wane iri ne.

Yanzu uwargida, ki dubi firizarki. Ta gida, ko da lafiyarta ƙalau, sanyinta yakan tsaya wajen digiri 18 ne ƙasa da sifiri. Wace ce a cikinmu, daga Bebeji har Doguwa, za ta bugi ƙirji ta ce ta samu wutar lantarki kwana bakwai a jere ba a ɗauke ba?

Namu ruwan daban ne

An gina dam ɗin Tiga daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratsa dajin Falgore. Alheri ne babba. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga cikinsa kuma masunta suke fito mana da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da kawara. Amma gina dam ba shi ne kiwon kifi ba. Kifin Tiga da na Bagauda yawo yake yi yana cin abin da ya samu. A ruwan nan shanu suke sha, a nan ake wanki da wanka, kuma in damina ta sauka duk ƙazantar da ke bayan gari cikinsa take gangarawa. Ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na taifot ta irin wannan hanya suke yawo.

Tarwaɗar kududdufi da ake kiwo a gidaje da gonaki ita ma ba ta tsira ba. Ruwanta mai ɗumi ne, ga cunkoso, ga kashin kifin a ciki, wasu masu kiwon kuma saboda tsadar abinci sukan haɗa mata da hanjin kaji. Wannan duk ba ya hana ta zama abinci mai kyau in ta shiga tukunya, amma tsakaninta da kejin Norwe akwai nisa.

Ƙasashen da suka saba cin ɗanyen kifin ruwan daɗi sun ɗanɗana kuɗarsu. A arewa maso gabashin Tailan, inda ake kwaɗon ɗanyen kifin kogi da lemon tsami da barkono, wata tsutsa takan zauna a hanyar matsarmama shekara da shekaru, har ta jawo ciwon daji na hanta, kuma yankin yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. A Singafo, ƙasa mai tsabta da asibitoci na gani na faɗa, an yi annoba a 2015, mutane da yawa suka kwanta da ƙwayar cuta a cikin jini, wasu har da sanƙarau, aka bi diddigi aka tarar ɗanyen kifin kiwo ne na ruwan daɗi. A watan Disamba na shekarar gwamnati ta hana sayar da irin wannan kifi don ci ɗanye. Ku lura da kyau, na kiwo ne. Watau kalmar "kiwo" ita kaɗai ba ta wanke kifi.

Kifin ƙanƙara na kwali, wanda muke kira taitus, shi kam na teku ne, amma kada wata ta ce ta samu mafita. Daga tashar jirgin ruwa a Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, sa'an nan ya bi shago ya bi tire, ya narke da rana a sake daskarar da shi da dare. Sanyi yana kashe tsutsa, amma ƙwayar cuta barci kurum take sa ta, da ya narke sai ta farka. Irin wannan kifi in ya jima a zafi yakan tara wata guba mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai jim kaɗan bayan an ci, kuma ita wannan ko dafuwa ba ta kawar da ita. In kin ga cikinsa ya fashe, namansa ya yi laɓo-laɓo, ki bar wa mai shi kayansa komai arha.

Zaɓen kifi da gyaransa

Abin da ya kamata mu koya daga Japanawa shi ne tsabta da hanzari. In za ki sayi ɗanyen kifi, ki dubi idonsa, ya zama garau ya ɗan fito, ba wanda ya yi hazo ya faɗa ciki ba. Ki ɗaga marfin kunnensa, abin numfashinsa ya zama ja, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Ki danna jikinsa da yatsa, in gurbin ya koma nan da nan mai kyau ne. Ki sansana, ƙarni daban, ɗoyi daban.

Da kin iso gida ki gyara shi, kada ki ce sai kin gama tuwo. Ki kankare ɓawon, ki cire kayan ciki ba tare da kin fasa matsarmama ba, ki wanke baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya. Tarwaɗa kuwa ki murza ta da toka ko gishiri, ko ki watsa mata ruwan zafi, yauƙin zai fita. Ki wanke da ruwa mai tsabta da lemon tsami don kashe ƙarni. Katakon da wuƙar da kika yi aikin kifi da su, kada ki yanka latas ko tumatir ɗin da za a ci ɗanye da su sai kin wanke da sabulu, hannunki ma haka. Ki dafa har naman ya yi fari ciki da waje, yana rabuwa da ƙaya da kansa. Manyan gunduwoyi sukan soyu a waje cikinsu da saura, don haka ki tsaga su, ki kuma rage wuta.

Ga wadda ke son gwadawa

Ban ce 'yan makaranta su daina sha'awar abincin wasu ƙasashe ba. Na ce muku sushi shinkafa ce, kuma su kansu Japanawa akwai wani dogon kifin kogi mai kama da maciji da suke matuƙar so, amma ba sa ɗora shi a kan shinkafa sai sun gasa. Ga yadda ni da ƙanwata muka yi namu kafin ta koma makaranta.

Ki samo shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba, irin wadda ake samu a Tudun Wada, domin ita ce mai danƙo. Ki auni gwangwanin madara 2, ki wanke har ruwan ya yi garau, ki zuba ruwa gwangwani 2 da ɗan ɗori, ki rufe ki dafa a wuta kaɗan ba tare da juyawa ba. In ta tsotse ki sauke ki bar ta a rufe minti 10. Ki narkar da sukari babban cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali 1 a cikin ruwan khal babban cokali 4. In babu khal, lemon tsami ya wadatar. Ki juye shinkafar a faffaɗan tire, ki yayyafa haɗin, ki riƙa juyawa a hankali kina fifita ta da mafici har ta huce. Wasu masu koyarwa a waya sukan zuba wani abu wai shi mirin. Ku sani giyar shinkafa ce mai zaƙi, ba ruwanmu da ita.

Ki turara karfasa ko ki soya ta da citta da tafarnuwa, ki cire ƙayar tsaf, ki marmasa. Ki yanka karas da kokwamba dogo-dogo bayan kin wanke su sosai. Tunda ba mu da ganyen teku, ki soya wainar ƙwai fale-fale mai faɗi, ko ki tsoma ganyen kabeji a tafasasshen ruwa ya yi laushi. Ki shimfiɗa wainar a kan tsabtataccen ƙyalle, ki jiƙa hannunki ki baza shinkafar a kai, ki jera kifi da karas da kokwamba a tsakiya, sa'an nan ki naɗe kamar tabarma kina matsawa da ƙyallen. Ki jiƙa wuƙa ki yanka gunduwa-gunduwa, ki kawo yaji a gefe. A ci nan take, kada ya wuce awa 2 a ajiye, in lokacin bazara ne ma awa 1, domin dafaffiyar shinkafa da kifi ba sa jimirin zafinmu.

Yara sun cinye tas, maigida ya nemi ƙari. Surukata ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ci, ta ce da dai an dama wannan shinkafa an yi tuwo da miyar kuka da ya fi mata, amma tunda kifin ya ga wuta ba ta da ta cewa.

Kirana ga iyaye mata shi ne, mu riƙa leƙa abin da yaranmu suke koyo a waya, mu kuma riƙa shiga madafa tare da su. In sun zo da sabon abu kada mu kore su da tsawa, mu tambaye su inda aka yi shi, da irin kayan da aka yi shi da su, mu duba ko namu sun yi daidai da nasu. Ku kuma 'yan makaranta, wanda ya ɗauki hoton nan bai nuna muku kejin teku ba, bai nuna muku ɗakin sanyi da ma'aikacin lafiyar da ya duba kifin ba, farantin kurum ya nuna muku. Duk wadda ta riga ta ci ɗanyen kifi ta ji murɗawar ciki, ko amai, ko zazzaɓi, ta gaya wa mahaifiyarta gaskiya a tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita abin da aka ci.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya albarkaci zuri'armu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.